Yadda bes ɗin 808 ke zaɓa wa kiɗan hip-hop kii: jagora ga furodusa

Mai haɗa kiɗa da fiyano yakan ɗauka cewa kowane kii, wato jerin notocin da aka gina waƙa a kai, daidai yake da ɗan'uwansa, in an ga dama a ɗaga waƙa sama ko a sauke ta ƙasa, ba abin da zai canza sai tsayin murya. A yawancin kiɗa haka ne. A tirap da diril da sauran hip-hop ɗin da 808 ke riƙe da ƙasansa, ba haka ba ne. Sauke kiɗa da taki uku kacal, wato maɓallan fiyano uku, na iya sa bes ɗin da ke girgiza ƙirji ya ɓace gaba ɗaya a sifika, ko da mita na nuna yana nan da ƙarfinsa. Shi ya sa furodusoshin irin wannan kiɗa ke yawan zagaye a tsakanin E maina da A maina. Dalilin yana cikin lissafin sauti, da ƙarfin sifika, da yadda kunnen ɗan Adam yake.

Na'urar da ta haifi wannan sauti ita ce Roland TR-808, wadda kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar a 1980, ya daina ƙera ta a 1983 bayan an yi kusan guda 12,000. Babbar gangarta ba rikodin ganga ba ce, wutar lantarki ce ke kaɗawa a kusan 50 Hz, wato sau 50 a daƙiƙa, sannan ta mutu a hankali. Maɓallai uku gare ta: na ƙarfi, na kaifi, da na tsawon jela. Babu na canza noti. Sai da masu kiɗa a Amurka suka riƙa ɗaukar sautin suna zuba shi cikin na'urorin samfur irin su E-mu SP-1200 ta 1987 da Akai MPC60 ta 1988, suna ja masa jela suna ɗaga shi suna sauke shi, sannan ganga ta rikiɗe ta zama bes mai bin notoci. Daga Miami zuwa Memphis zuwa Atlanta aka yi ta raino har ya kai inda yake yau. Da zarar ganga ta samu noti, dole ta shiga kii ɗin waƙa, kuma da yake ita ce mafi wuyar sha'ani a cikin kayan kiɗan, sai ta zama ita ake fara tambaya.

Tagar da bes ke rayuwa a ciki

Ka haddace waɗannan lambobi, ko ka manna su kusa da kwamfutarka. Su ne yawan kaɗawar kowane noti a daƙiƙa ɗaya, idan an saita A ta tsakiya a 440 Hz:

C1 32.7, C#1 34.6, D1 36.7, D#1 38.9, E1 41.2, F1 43.7, F#1 46.2, G1 49.0, G#1 51.9, A1 55.0, A#1 58.3, B1 61.7, C2 65.4, D2 73.4

Kowane taki, wato daga maɓalli zuwa na kusa da shi a kan fiyano, baƙi ko fari, yana ƙara kusan kashi 6 cikin ɗari. Taki 12 oktaf ɗaya ke nan, lambar ta ninka biyu.

Ana cewa kunne na ji daga 20 Hz, amma ba da sauƙi ba. Kafin kunne ya fara jin sautin 31.5 Hz sai ƙarfinsa ya kai wajen desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali na 50 Hz ana fara jin sa tun daga wajen desibel 44. Tazarar desibel 15 ke nan tsakanin C1 da G1, notoci biyu da ke cikin oktaf ɗaya. Ita ma sifika tana da nata kukan: domin ta ba da ƙarfi iri ɗaya a oktaf ɗin ƙasa, sai fatarta ta yi tafiya ninki huɗu. Sifikar situdiyo mai inci 5 kamar Yamaha HS5 an rubuta mata 54 Hz a matsayin iyakar ƙasa, babbar yayarta HS8 kuwa 38 Hz. Sifikar da ke da ramin iska, da zarar an sauka ƙasa da inda aka saita ramin, ƙarfinta faɗuwa yake yi da sauri. Wufa, wato sifikar bes, ta mota da ta wurin biki sukan jure zuwa wajen 40 Hz, wasu su ɗan zarce.

Ta sama kuma akwai iyaka. Idan 808 ya haura 65 ko 70 Hz, ana jin sa sarai amma nauyin da ke bugun jiki ya ragu, ya fara kama da jitar bes, kuma ya shiga wurin da kik, wato bugun babbar ganga, ke zaune. Saboda haka tagar aiki tana tsakanin D#1 da C2, mafi daɗinta kuma daga E1 zuwa A1. Taki tara ko goma ne duka, ba su cika oktaf ba. Wannan ƙarancin shi ne ke tilasta zaɓi.

Mataki na farko: gano ainihin notin samfurinka

Kar ka yarda da sunan fayil. An sha rubuta C a kan 808 alhali yana kan G, ko yana kan C ɗin amma ya kauce da santi 30 (santi ɗari ne taki ɗaya). Zuba samfurin a tasha, ka buɗe tuna, na'urar da ke faɗin noti, irin GTune ko wadda ke cikin manhajarka, ka buga noti mai tsawo. Kar ka karanta farkon sautin, domin kan 808 yakan fara daga sama ya gangaro cikin 'yan milisakan na farko. Jelar ita ce ke faɗin gaskiya. Idan tuna ta kasa kamawa saboda sautin ya yi ƙasa da yawa, ɗaga shi oktaf biyu ka karanta, sannan ka mayar. Hanya ta biyu ita ce na'urar nuna zanen sauti kamar SPAN ta Voxengo, wadda kyauta ce: ka duba tudu mafi tsawo a hagu, ka gwada lambarsa da jerin da ke sama.

A manhajar FL Studio, samfur yana shigowa ne a kan C5. Idan ka gano naka G ne, buɗe saitin tashar ka danna maɓallin dama na linzami a kan G5 na ƙaramin fiyanon da ke wurin, daga nan duk notin da ka zana zai fito daidai. Ragowar kaucewar santi ka gyara da maɓallin Fine tune. A Simpler na manhajar Ableton, Transp ne ke gyara taki, Detune ke gyara santi, kuma ka kashe Warp.

Akwai tarko a lambobin oktaf. Notin 43.7 Hz da littattafan sauti ke kira F1, FL Studio na kiran sa F2, Ableton kuma F0. Ga kuma samfurin kansa: idan ainihinsa 32.7 Hz ne kuma yana zaune a C5, to F5 ne zai ba ka 43.7 Hz, idan 65.4 Hz ne, sai ka sauka F4. Ka dogara da Hz ɗin da na'ura ta nuna, ka bar lambar da ke jikin maɓalli.

Mataki na biyu: zana tafiyar bes kafin ka yanke kii

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sun ji an ce F maina shi ne kii ɗin 808, sai su zauna a kai ko me za a yi. Amma bes ba noti ɗaya yake bugawa ba. Abin dubawa shi ne noti mafi ƙasa da noti mafi sama a duk tafiyar, sannan a nemi kii ɗin da zai shigar da su biyun cikin taga.

Ɗauki tafiyar da aka fi yawan ji a kii ɗin maina: daga tushe, a gangara taki 4, a hau taki 2, a koma gida. A kan A maina za ka samu A1, F1, G1, wato 55.0, 43.7 da 49.0. Duka ukun suna tsakiyar taga, ba wanda zai fi wani ƙarfi sosai. A kan G maina, G1, D#1, F1, ya fi nauyi kuma har yanzu lafiya. A kan F maina kuwa notin na biyu ya faɗa C#1, 34.6 Hz, bakin rami. A hedfon mai kyau za ka ji shi, a yawancin sifikoki sai ka ji kamar bes ya yi shiru na ɗan lokaci. A kan E maina ya kai C1, wanda a aikace babu shi ga mafi yawan masu sauraro.

Yanzu juya tafiyar ta zama mai hawa: daga tushe, a hau taki 3, a ƙara 2. E maina ya ba da E1, G1, A1, ba abin da ya fi wannan zama daidai. D maina ya ba da D1, F1, G1, tushen ya ɗan yi ƙasa amma ana iya tallafa masa. A maina, wanda ya yi nasara ɗazu, yanzu ya kai ka C2 da D2, bes ya yi ta sirancewa yana hawa.

Ƙa'idar ke nan: idan tafiyarka mai gangara ce daga tushe, nemi kii daga G zuwa B, har ma C maina da tushensa a C2, inda G#1 da A#1 ke jiran ka a ƙasa. Idan mai hawa ce, nemi daga D# zuwa F#. Idan kuma irin tirap ɗin nan ne mai duhu da bes ke zaune a tushe yana leƙa taki ɗaya sama ya dawo, kusan ko'ina daga E zuwa A zai yi, a nan ne F da F# suka samu sunansu.

Kii mafi wahala su ne C#, D da wani lokaci C, domin tushensu ko dai ya yi ƙasa da yawa ko ya yi sama da yawa, babu tsaka-tsaki. Ba haramun ba ne, ana yin manyan waƙoƙi a kansu, sai dai aikin miksin ya ƙaru.

Idan kii ya riga ya kafu

Wani lokaci zaɓin ba naka ba ne: an kawo samfurin tsohon faifai, ko mawaƙi ya riga ya ɗauki murya. Akwai mafita uku, a jere daga mai sauƙi.

Ta farko, ɗaga notin da ya nitse oktaf ɗaya. C#1 ya koma C#2, 69.3 Hz. Matsalarta ita ce tsallen taki 8 daga F1, wanda ke sa wannan wurin ya yi haske fiye da sauran. Idan wurin amshi ne, hasken na iya zama alheri.

Ta biyu ta fi dabara: 808 ba dole ne ya buga tushen kowane kod ba, wato notocin da ake bugawa tare. Kod ɗin C# mejo ya ƙunshi C#, F da G#. A cikin waƙar F maina, bes na iya zama a kan F1 bai motsa ba yayin da fiyano ke canzawa a sama, ko ya hau G#1. Kunne zai karɓa, nauyi kuma bai ragu ba.

Ta uku ita ce matsar da samfurin kansa. Taki ɗaya ko biyu ba ya cika ɓata sauti. Daga uku zuwa sama muryoyi da kayan kiɗa na gaske sukan fara canza kama. Ka tuna kuma tsofaffin faifai da yawa ba su zauna daidai a kan 440 ba, haka ma rikodin gurmi ko kukuma ko goge idan da su kake aiki, domin makaɗin da kunnensa ya ɗaure tsirkiya, ba da tuna ba. A irin wannan hali ko dai ka ja samfurin da santi har ya hau layi, ko ka ja 808 da dukkan sauran kayan su same shi inda yake. Wanda ba a so shi ne a bar su a rabe. Kaucewar santi 20 a F1 rabin Hz ne kawai, ba za ka kama shi a ƙasa ba, amma 'ya'yan sautin, wato ninkin kaɗawarsa da ke sama, za su riƙa gogayya da fiyano, waƙa ta yi wani ɗaci da ba a san daga ina yake ba. Gwajin shi ne a ɗaga layin bes oktaf biyu a saurare shi tare da karin waƙar, a gyara, a mayar.

Murya ce ke da magana ta ƙarshe

Mai rap zalla, wanda magana yake jerawa, kii bai cika damun sa ba, don haka bes na iya yin mulki. Mai rerawa daban ne, musamman idan za a sa Auto-Tune mai gyara notin murya, wanda dole a faɗa masa kii na gaskiya, in ba haka ba ya riƙa jan murya zuwa notin da ba ya cikin waƙar. Kafin a ɗauki murya, fitar da amshi a kii uku: wanda ka zaɓa, da taki 2 sama, da taki 2 ƙasa. Mawaƙi ya gwada duka, a ga inda notinsa mafi sama ke fita ba tare da ya shaƙe ba. Idan wanda ya dace da shi ya jefa bes waje da taga, koma kan mafita ukun can. Gyaran 808 aikin minti goma ne, muryar da aka takura kuwa ba fulogin da zai warkar da ita.

Yayin matsar da kiɗa, notocin da aka zana kawai za ka ja. Kar ka ja kik da sinare da hayhat tare da su.

Tsawon noti da saurin kiɗa

Noti na ƙasa yana buƙatar lokaci kafin kunne ya gane shi. Kaɗawa ɗaya ta F1 tana cin milisakan 23, ta C1 kuma kusan 31. A gudun bugu 140 a minti, bugu ɗaya milisakan 429 ne, kashi ɗaya cikin huɗu na bugun kuma 107. Cikin wannan ɗan lokaci F1 bai kai kaɗawa biyar ba, C1 uku da rabi. Abin da za a ji dum ne kawai, ba noti ba. Don haka idan layin bes ɗinka mai yawan gajerun notoci ne da gudu, ka karkata zuwa saman taga, G zuwa B. Idan dogayen notoci ne masu cika ma'auni guda, ƙasan taga zai ɗauka.

Samfur kuma tsawonsa na canzawa da noti. Ɗaga shi taki 12 yana raba tsawon biyu, taki 7 yana barin kashi biyu cikin uku, sauke shi taki 5 yana ƙara kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa 808 da ya cika wuri a tushe yakan yanke da wuri idan ya hau. Zaɓi samfurin da ainihin notinsa ke kusa da kii ɗinka, ko ka ɗauki mai doguwar jela ka riƙa yanke ta da kanka. Wanda ke haɗa 808 da sinta ba shi da wannan damuwa.

Kar notoci biyu su haɗu a ƙasa. F1 da F#1 idan suka yi karo, bambancinsu na 2.6 Hz zai sa sauti ya riƙa kumbura yana sacewa kusan sau uku a daƙiƙa. A FL Studio danna dama a kan tashar ka kunna Cut itself. A Simpler mayar da Voices zuwa 1.

Zamiya, wadda diril na Landan da Brooklyn ya shahara da ita, tana aiki ne kamar yadda makaɗin kalangu ke matse tsirkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauko. Yawanci zamiyar oktaf guda ce ko taki 7 zuwa sama, don haka tana son tushe na ƙasa domin a samu filin hawa: daga E1 zuwa E2 ana ƙarewa a 82 Hz, har yanzu bes ne, daga B1 kuwa sai 123 Hz, inda muryar namiji ke zaune. Lokacin zamiya tsakanin milisakan 60 da 150 yakan isa, kuma ta sauka a kan notin da ke cikin kii.

Sa notin ya fito a waya

Yawancin masu sauraro, a Atlanta ne ko a Kano, da waya ko ƙaramar sifikar bulutut za su fara jin waƙar, kuma sifikar waya kusan ba ta fitar da komai ƙasa da 200 Hz. Abin da ke ceto shi ne 'ya'yan sauti. Idan aka ɗan gurza 808 da fulogin irin Fruity Fast Dist ko Saturator, F1 zai haifi 87, 131, 175, 218 Hz da sama. Ƙwaƙwalwa na jin waɗannan sai ta cike uwar da ba ta nan. Notin da ya fi ƙasa ya fi buƙatar gurza, domin 'ya'yansa na farko ma ba su kai inda waya ke ji ba. A D1 sai ɗa na biyar, 220 Hz, ne ke haura 200 Hz.

Hanya mai tsabta ita ce a kwafi tashar biyu. Ɗaya a bar ta yadda take a yanke mata sama daga wajen 100 Hz, ɗayar a gurza ta sosai a yanke mata ƙasa daga wurin, a haɗa su da kunne. Amma gurza tana tona asiri: 808 da bai zauna a kii ba, wanda a da ya ɓuya a ƙasa, yanzu kowa zai ji karkacewarsa. Ka kuma share masa hanya, ka yanke ƙasan fiyano da fad daga 100 zuwa 150 Hz, ka bar duk abin da ke ƙasa da 120 Hz a tsakiya, ba hagu ba dama.

Game da kik: gajere wanda bai kai milisakan 100 ba bai cika buƙatar a saita masa noti ba. Mai jela kuwa dole a daidaita shi da tushe ko taki 7 sama da tushe, in ba haka ba ya yi gogayya da bes. Idan haɗuwarsu ta sa ƙarfi ya ragu maimakon ya ƙaru, suna soke juna ne. Juya fuskar ɗaya daga ciki, ko ka jinkirta shigowar 808 da milisakan 20 zuwa 40, ko ka sa kik ya riƙa danne shi da desibel 3 zuwa 6 a kowane bugu.

Ɗakinka na iya yi maka ƙarya

Kafin ka yanke hukunci cewa wani kii ya fi wani bugu, ka tabbata ba ɗaki ne ke magana ba. Kowane ɗaki na da notin da yake kumburawa, kuma ana lissafa shi: 343 a raba da ninki biyu na tsawon ɗakin a mita. Ɗaki mai mita 4 yana kumbura wajen 43 Hz, kusan F1 daidai. Mai mita 3.5 yana kumbura 49 Hz, wato G1. Wanda ke aiki a irin wannan ɗaki, kusa da bango zai ji notin ya cika ko'ina, a tsakiyar ɗaki kuma ya ji ya ɓace, duk a kan fayil ɗaya. Furodusa da yawa da ke rantsuwa da wani kii, tsawon ɗakinsu ne ya zaɓa musu.

Gwajin ba wuya. Ɗauki sautin sinta tsantsa marar 'ya'ya, zana notoci 13 daga C1 zuwa C2 da ƙarfi iri ɗaya, kowanne daƙiƙa biyu, ka zauna inda ka saba zama ka saurara. Rubuta waɗanda suka yi ƙara da waɗanda suka nitse. Maimaita da hedfon mai rufe kunne. Duk notin da ya bambanta tsakanin gwajin biyu, matsalar ɗaki ce, kar ka gyara ta a cikin waƙa. Soson da ake mannawa a bango ba ya taɓa waɗannan sautuka, tsawon zangon F1 kusan mita 8 ne. Abin da ke taimakawa shi ne matsar da kujera da sifika, da tarkon bes mai kauri a kusurwoyi.

Idan an gama, fitar da waƙar ka ji ta a wurare uku: hedfon, waya, da mota ko wufa. A kowanne ka bi layin bes noti bayan noti, ka tabbata babu wanda ya ɓace kuma babu wanda ya yi tsalle ya fi sauran. Wanda ya fi ƙarfi a duka ukun, rage masa desibel 1 ko 2 a kan notin kansa, ba a kan tashar gaba ɗaya ba. Sannan ka rubuta kii da gudu a sunan fayil, misali G maina 142, ka tura wa mai miksin 808 a tasharsa daban da kik, tare da bayanin ko an kauce daga 440 da santi nawa.